Amsa ga sabon malamin da ke Jidda: ina bakin malami yake tsayawa, a aji da kuma a waya

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, wuta ce bata barmu mun zauna ba a nan Kassala ta Sudan, sai yau Allah yayi. In na fahimce ka daidai, wata huɗu kenan da zuwanka Jidda daga Kano, kana koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi, sai wani yaro ɗan aji biyu na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, ya tambaye ka ra'ayinka kan yaƙin Gaza da ƙaurace wa kayan wasu kamfanoni, kai kuma ka saki baki wajen minti goma kana faɗin abinda ke ranka, washegari mudir, wato shugaban makarantar, ya kira ka ofis ya ja maka kunne har ya ƙara da cewa ka lura da Facebook ɗinka. Shine kake tambaya wai malami bashi da 'yancin magana ne, kuma in ma aji nasu ne toh ina ruwansu da abinda kake rubutawa da Hausa bayan an tashi, akan siyasar Najeriya.

Shekara 21 nayi a ƙasar nan da kake ciki, 13 ina koyar da lissafi tsakanin Makka da Jidda, 8 ina wakilin makaranta, wato mataimakin mudir, ni ne wanda ake turo wa irinka mu zauna da takarda da biro. Nayi huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe daga ƙasar, na dawo gida, shi yasa ma zan iya rubuta maka wasu abubuwan da ke ƙasa. Da har yanzu iƙama na aljihuna wallahi rabin amsar nan a kunne zan raɗa maka bayan isha'i a bakin masallaci, wayoyinmu kuma na cikin mota.

Mu fara da ajin, don nan ne kake jin an danne ka, kuma nan ne mudir ya fi ka gaskiya. Kar ka ɗauka wannan halin Saudiyya ne kawai. Amurka da kowa ke kafa hujja da ita, a 2003 wata malamar firamare mai suna Deborah Mayer a jihar Indiana, ana gab da shiga Iraƙi, aka tambaye ta a aji ko ita ma zata shiga zanga-zangar ƙin yaƙi, tace ai in ta wuce masu riƙe da kwalaye tana danna musu hon alamar tana tare dasu. Iyaye suka kai ƙara, ba'a sabunta mata kwantiragi ba, ta tafi kotu, a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya tace bata da hujja. Dalilin alƙalin shine abin riƙewa: wai makaranta ba hana malami magana take yi ba, hayar maganarsa tayi, maganar da yake yi a gaban allo ita ce hajar da yake sayar mata take biyansa albashi. Shekara ɗaya kafin nan, 2006, Kotun Ƙolinsu a shari'ar Garcetti ta riga ta ce abinda ma'aikacin gwamnati ya faɗa a cikin aikinsa ba'a ɗaukarsa maganar ɗan ƙasa mai kariya. Ingila ma dokar iliminsu ta 1996 ta hana tallata ra'ayin siyasar ɓangare ɗaya a cikin darasi. Kaga tambayar da aka yi wa matar nan da wadda aka yi maka kamar an tsaga kara.

Ni kuma tun kafin in ji labarin waɗannan shari'o'in na yarda da wannan iyakar, saboda yaron da ke gabanka ba abokin hirarka bane a majalisa. Bazai iya tashi ya fita ba, makinsa na hannunka, shekararsa 13, duk abinda Ustaz ya faɗa a wurinsa karatu ne. Ubansa ya biya kuɗi don ya iya Turanci, bai biya don a zaɓar masa ɓangare ba. Sannan ka duba ajin naka da kyau, makarantun kuɗi na Jidda ai duniya ce a ɗaki ɗaya, ga ɗan Yaman ga ɗan Siriya ga Bamisire ga Bafalasɗine ga 'ya'yanmu na Sudan, waɗanda tun Afrilun 2023 za ka samu biyu a benci ɗaya, gidan wannan suna tare da soja, gidan wancan ana zarginsu da Da'am Sari', rundunar RSF da ke yaƙi da sojan, kowanne an kashe masa wani. Kalma ɗaya zaka faɗa da kyakkyawar niyya ta isa gida goma da fassara goma. Maganar ƙauracewa ma, kamfanonin da yaran ke lissafowa da yawansu masu riƙe da wakilcinsu a Saudiyya 'yan ƙasa ne, wataƙila uban wani a ajin can yake cin abinci. Kuma ina kyautata zaton ra'ayin mudir ɗinka akan Gaza bai bambanta da naka ba ko kaɗan, ba saɓani yasa ya kira ka ba, tsoron kar wani uba ya ɗaga waya ya kira idarar ilimi, wato hukumar ilimi, ne, don in aka zo bincike lasisin makarantar ake fara dubawa kafin a dubi fuskarka.

Abinda Saudiyya ta ƙara akan na sauran ƙasashe shine ita bata ɓoye cewa makaranta tata ce ba. Nizamul Asasi na 1992, wanda shine kamar tsarin mulkinsu, a sashe na 13 ya faɗi manufar ilimi ƙarara, dasa aƙidar Musulunci a zukatan yara da tarbiyyarsu su zama masu son ƙasarsu masu alfahari da tarihinta. Manhaja ta wizara ce, kai mai isarwa ne. A Maris 2014 ma'aikatar cikin gida ta saka Ikhwan, ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi, cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci, ƙarshen 2015 aka bada umarnin kwashe littattafai wajen 80 daga ɗakunan karatu na makarantu, har da na Hasanul Banna da Sayyid Ƙuɗub da Ƙardawi. Da hannuna na cika kwali biyu a makarantarmu, littattafan da shekara biyar kafin nan kyautarsu muke ba yaran da suka ci gasa. A lokacin muna da wasu malamai Misirawa biyu da tun juyin mulkin Masar na 2013 basa shan shayi tare, ɗayan ya taɓa ɗaga yatsu huɗu a ɗakin malamai, alamar Rabi'a ta masu adawa da juyin mulkin, da wasa ma yayi. Ba wanda ya kama shi ba wanda ya zage shi, ƙarshen shekara dai aka ce mun gode, ba'a sabunta aƙadinsa, wato kwantiraginsa, ba, ya kwashe iyalinsa bayan shekara 11.

Ɓangaren addini kuma shine inda 'yan Najeriya kuka fi zamewa, kayi haƙuri da na faɗa haka. Kun taso a inda kowa mufti ne, daga mai shayi har direban adaidaita, ana musun maulidi da ƙabalu da sadalu a bakin titi. A can tun Agustan 2010 Sarki Abdallah ya taƙaita fatawar da ake yi wa jama'a ga Majalisar Manyan Malamai da waɗanda aka yi wa izini. Kai malamin Turanci ne, yaro ya tambaye ka hukuncin kiɗa ko wasan da ake yi a Mausim Riyad, bikin nishaɗin da ake yi a Riyad, ko ya ce me kake gani akan Shi'a ko Sufaye ko 'yan Tablig, ka tura shi wajen malamin dini, shikenan. Kuma kar ka dogara da abinda ka karanta a littattafan malaman Saudiyya na da, kace ai ra'ayinsu nake faɗa. Ƙasar ta juya da sauri, mata sun fara tuƙi a Yunin 2018, an buɗe silima a shekarar, an ƙirƙiro Yaumut Ta'asis, ranar tunawa da kafuwar ƙasar, na 22 ga Fabrairu tun 2022. Maganar da malami zai yi a 2005 a ce masa jazakallahu, ita ce zai yi yau a rubuta masa taɗarruf, wato tsattsauran ra'ayi, a fayil. Na ga tsofaffin malamai 'yan ƙasa, masu gemu har ƙirji, sun koyi yin shiru cikin shekara biyu, balle kai baƙo.

Toh yaya zaka yi in yaro ya jefo tambaya, don zasu jefo, wasu don suna son sani wasu don su cinye lokacin darasi, wani kuma da waya a ƙarƙashin tebur yana naɗa. Ni abinda na saba, bana nuna tsoro kuma bana korar tambayar, sai ince tambaya ce mai kyau amma ba ta wannan darasin ba ce, ka tambayi babanka yau da daddare gobe ka bani labari ni kaɗai. In abin tausayi ne kamar yaran da ake kashewa, kace Allah ya jiƙansu ya kawo musu sauƙi, ba mai kama ka da addu'a, ka koma allo. Wanda ake kamawa shine wanda ya wuce addu'a ya shiga waye ya ci amana, wane shugaba ne yayi shiru. In kuma ka ji bakinka ya riga ka, kar ka jira uba ya riga ka zuwa ofis, ana tashi ka samu wakil ka gaya masa yau an tambaye ni kaza na ce kaza. A shekara 8 ɗin da nayi a kujerar, malamin da ya kawo kansa kusan kullum da gargaɗin baki yake fita, wanda muka ji daga waje shi muke buɗe wa fayil. Kuma kar ka raina abinda ya rage maka a ajin, yadda zaka koya wa yaro ya karanta labari ya tambayi waye ya rubuta, ina hujjarsa, me ya bari bai faɗa ba, wannan duk yana cikin aikin malamin harshe kuma ba mushrif, wato mai duba aikin malamai, da zai hana ka, ka zaɓi misalanka daga tallan man goge baki da labarin ƙwallon Ittihad da Ahli kawai.

Yanzu wayar, wadda ita ce ainihin abinda yasa na zauna rubuta wannan dogon bayani. A nan ne hanyar Amurka da ta Saudiyya suka rabu. Can akwai wani malami Marvin Pickering a jihar Illinois da ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar makarantu ke zuba kuɗi a wasanni tana barin karatu, suka kore shi, a 1968 Kotun Ƙoli tace korar haramun ce, malami in ya fita aji ɗan ƙasa ne kamar kowa, yana da bakin magana akan abinda ya shafi jama'a. Wannan tunanin ne a kanka da kake cewa ina ruwansu, kuma a Najeriya ma sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya baka irinsa ko da a takarda ne. A inda kake babu Pickering. Ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa ma ƙa'idar aikinsa ta hana shi sukar gwamnati a kowace kafar yaɗa labarai ta ciki ko ta waje, babu ƙungiyar malamai irin NUT, babu yajin aiki. Sai dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 6 yace duk wanda ya shirya ko ya aika ko ya adana abinda ya taɓa tsarin zaman jama'a ko darajojin addini ko tarbiyya ko sirrin mutane, ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 3, ko ɗaya daga ciki. Sashe na 3, ɓata suna da ɗaukar mutane da kyamarar waya, har shekara ɗaya da riyal dubu 500. Ka lura da kalmar tsarin zaman jama'a, riga ce mai faɗi, duk wanda aka so saka wa zata shige shi. Sama da wannan akwai dokar ta'addanci ta 2017, wadda sashe na 30 nata ya tanadi shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya siffanta Sarki ko Yarima mai jiran gado da abinda ya taɓa addininsu ko adalcinsu.

Kar kace ai ni waye, mabiyana nawa. Muhammad al-Ghamdi malamin makaranta ne mai ritaya a Makka, an kama shi a 2022, a Yulin 2023 kotun musamman ta manyan laifuka ta yanke masa hukuncin kisa akan rubuce-rubucensa na Twitter da YouTube, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi da suka ga takardun shari'ar sunce shafukansa biyu gaba ɗaya mabiyansu goma ne. Goma fa. A 2024 aka soke kisan aka mayar dashi ɗaurin shekara 30. Ɗan uwansa As'ad, shima malami, shekara 20 aka fara yanke masa a 2024 kafin daga baya a sake shi a 2025. Salma al-Shihab da ke karatun digiri na uku a Leeds ta zo hutu gida aka kama ta, a 2022 aka yanke mata shekara 34 akan Twitter, yawanci ma maganar wasu ta sake yaɗawa, ita ma sai 2025 ta fito bayan an rage. Waɗannan 'yan ƙasa ne masu dangi da ƙabila a bayansu. In gemun ɗan gida ya kama da wuta, baƙo ba shafa ruwa zai yi ba, wanka ya kamata yayi.

Hausar da kake ganin ta ɓoye ka kuwa, ƙanena ai yanzu maɓalli ɗaya ake dannawa ta koma Larabci, ko da fassarar ta karkace, kuma karkatacciyar fassarar tafi haɗari. Banda haka Hausawa nawa ne a Jidda da Makka, daga Shara Mansur zuwa Rusaifa, jikokin waɗanda suka zo a ƙafa tun zamanin Turawa, wasunsu 'yan ƙasa ne suna aiki a kowace ma'aikata suna jin Hausa kamar jakin Kano. Kuma a duk shari'ar da ta biyo ta teburina ban taɓa ganin wadda hukuma ce ta tono da kanta ba, kullum wani ne ya ɗauki hoton rubutun ya kawo, abokin aikin da ke son jadawalinka, uban da ka kayar da ɗansa, ɗan garinku da kuka yi musun siyasa a guruf ɗin WhatsApp. Akwai manhajar Kulluna Amn ta kai rahoto ga jami'an tsaro a wayar kowa, minti biyu ya isa a shigar da balagi, wato ƙara. Ko Gillian Gibbons, Baturiyar da aka ɗaure a Khartum a Nuwamban 2007 saboda 'yan ajinta masu shekara bakwai sun zaɓa wa 'yar tsanar aji suna Muhammad, wanda wani yaro a cikinsu yace sunansa ne ya bayar, ƙarar ba daga iyaye ta fito ba, daga ma'aikaciyar ofishin makarantar ta fito. Kwana 15 aka yanke mata, sai da 'yan majalisar Ingila biyu Musulmi suka zo Bashir, shugaban Sudan na lokacin, yayi mata afuwa.

Siyasar Najeriya ita kanta, gaskiya tafi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba wanda zai tashi daga Riyad don kace gwamnanku bai gyara titi ba. Amma wurare uku take cizo. In suka ta koma zagi da ƙazafi akan mutum da sunansa, wannan tashhir ne, wato ɓata suna, kuma daga cikin ƙasarsu ka aika, dokarsu ce ke kanka. In maganar ta gangaro kan aikin Hajji ko biza ko yadda ake kama 'yan Takari ana kaiwa tarhil, gidan tsare waɗanda za'a mayar ƙasarsu, a Shumaisi, toh ka bar Najeriya ka shigo gidansu baka sani ba, kuma irin wannan zancen ne yafi yawo a gurufofinmu. Na uku siyasar waje, wadda iska ce, bata da alƙibla ɗaya. Ran 4 ga Yunin 2017 Ƙatar 'yar uwa ce, ran 5 ga wata nuna tausaya mata a waya ya zama abin tsoro, Janairun 2021 aka rungumi juna a Al-Ula. Iran ma haka, Maris 2023 aka shirya a Beijin. Rubutu kuma baya tsufa a waya, abinda ka rubuta kana Kano a 2019 akan yaƙin Yaman ko kisan Khashoggi yana nan yana jiranka. Ka ware daren Juma'a guda ka bi shafinka tun daga farko ka share, har da abinda ka danna wa so da wanda ka tura, ka rufe shafin sai abokai, ka cire sunan makarantar daga bayananka. In kai ne admin na wani guruf mai mutum ɗari biyu da baka san rabinsu ba, ka sauka.

Sai ƙananan abubuwa da basu kama da 'yancin magana ba amma su suka fi korar malamai a idona. Ɗaukar yara bidiyo a aji a saka TikTok, ko da abin dariya ne ko yabo, wannan kaɗai ya isa. Hira da ɗalibi ta lambarka ta kanka da daddare, bari, komai ya bi ta hanyar makaranta. Tara kuɗin taimako, ko na Gaza ko na Sudan ko na ginin masallacin unguwarku, ba'a yi sai da izini, mai son sadaka ga hanyoyin hukuma, ga manhajar Ihsan ga Sahim ta cibiyar agaji ta Sarki Salman, kar ka yarda lambar asusunka ta shiga wani guruf da sunan tabarru'at. Sai kukan albashi. Wani yaron kirki da muka yi aiki tare, albashinsa ya makale wata uku, da gaskiyarsa, ya hau Twitter ya kira sunan makarantar da na mai ita. Daga mai bin bashi ya koma wanda ake ƙara, ƙarshe da roƙo aka rabu ya yafe rabin haƙƙinsa. Alhali da ya shigar da ƙara ta taswiya wuddiyya, wato zaman sulhu, a ma'aikatar ƙwadago, in ba'a sasanta ba ta wuce kotun ma'aikata, da ya karɓi kuɗinsa cas. Saudiyya tana sauraren kuka in ya biyo ta taga da aka tanada, wanda aka yi a kasuwa ne bata yafewa.

Ka san kuma matsayinka. Malami ɗan ƙasa a makarantar gwamnati akwai matakala kafin a kore shi, gargaɗi, yankan albashi, hana ƙarin shekara, kuma yana iya kai ƙara Diwanul Mazalim, kotun da ake ƙarar hukuma. Kai dokar ƙwadago ce ke kanka, sashe na 37 yace aƙadin wanda ba ɗan ƙasa ba mai wa'adi ne, ma'ana basa buƙatar su kore ka, shiru kawai zasu yi har wa'adi ya cika. In kuma suka kama ka da sashe na 80, mugun hali ko abinda ya taɓa mutunci da amana ko fallasa sirrin aiki, zaka tafi ba notis ba mukafa'a. Bari malamin lissafi yayi maka lissafi: mukafa'ar ƙarshen aiki rabin albashi ce a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashi a kowace shekara bayan nan. Mai ɗaukar riyal 4,000 da yayi shekara 8, dubu 10 da dubu 12, riyal 22,000 kenan, filinka ne a bayan gari, zai iya tafiya akan layi uku da ka rubuta cikin fushi. In abin ya kai niyaba kuwa, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, bayan ɗauri galibi ib'ad, wato kora daga ƙasar, ke biyowa ga baƙo.

Kar ka ɗauka don na jero maka wannan duka na yarda dashi. Na aji na yarda dashi har zuciyata, kuma ko a Maiurno ta nan Sudan ko a Kano na buɗe makaranta haka zan shimfiɗa. Na waya kuwa tsoro ne, sunansa kenan, ba zan shafa masa mai in kira shi hikima ba. Shawarar UNESCO da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 5 ga Oktoban 1966, wadda saboda ita ake bikin ranar malamai, cewa tayi malami yana da dukkan 'yancin da sauran 'yan ƙasa ke dashi. Kuma ni daga ƙasar da malamai suka yi magana na fito. Kwamitin malaman Sudan na cikin waɗanda suka ɗauki juyin Disamban 2018 a ka. Ustaz Ahmad al-Khair, malami ne a Khashmul Girba, nan kusa damu, jami'an tsaro suka ɗauke shi ƙarshen Janairun 2019, farkon Fabrairu ya rasu a hannunsu da azaba, suka ce wai guba ya ci a abinci. Mutuwarsa ta ƙara wa zanga-zangar wuta, Afrilu Bashir ya faɗi, Disamba kotu a Omdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa. Ina girmama shi fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma shi a ƙasarsa yayi, a cikin mutanensa, ya san abinda ya saka a faranti. Kai ka bar mata da yara biyu a Kano kace musu shekara biyu zaka yi ka dawo da abin sana'a, in ka zaɓi magana ka zaɓe ta ido buɗe, ba wai ta suɓuce maka kana kwance kana danna waya bayan cin kabsa ba.

Abu na ƙarshe, baka faɗa mini ko mudir ya saka ka sa hannu a wata takarda ba. In gargaɗin baki ne toh Alhamdulillah, gobe ka same shi ka gode masa, kace ka fahimta, kar ka tsaya kare kanka da cewa ai gaskiya ka faɗa, ya riga ya san gaskiya ce. In kuma ya kawo ta'ahhud ko mahdar, wato takardar alkawari ko ta rahoton abinda ya faru, kar ka sa hannu akan Larabcin da baka gane ba don kunya, kace a baka ka karanta zuwa gobe, ka nemi kwafi. Dokar ƙwadago sashe na 71 tace ba'a hukunta ma'aikaci sai an sanar dashi laifinsa a rubuce an ji ta bakinsa, banda ƙaramin laifin da bai wuce gargaɗi ko yankan kwana ɗaya ba, sashe na 69 kuma yace laifin da aka gano ya wuce kwana 30 ba'a tuhuma akansa. Ka duba ko an rubuta kalmar siyasa ko tahrid, wato tunzurawa, a ciki, in akwai ka roƙa cikin ladabi a mayar da ita fita daga maudu'in darasi, don waccan tana bin mutum har makaranta ta gaba, wannan kuwa kowane malami yana da irinta a fayil. In ka samu takardar ka rufe sunan makarantar da naka da yatsa ka ɗauki hoto ka turo mini ni kaɗai, zan duba maka in wuta ta dawo.